Rigar da Aka Ɗinka wa Robot

Ni dai tun ina yarinya an san ni da saurin baki, kuma har yau da nake koyar da kimiyya ban warke ba. Sai dai duk maganganun da na taɓa saki, babu wadda ta hana ni cin abinci kamar wadda na yaɓa wa Baba Nababa wata ranar Laraba. Kuma wai a kan robot, abin da sati guda kafin nan ko a hoto bai taɓa gani ba.

Sunana Amsa. Makarantar 'yan matan da nake koyarwa tana bayan garin Tsanyawa, gonaki sun kewaye ta ta ko'ina, har in gero ya yi kai sai ka zo dab da ƙofa kafin ka hango kwanon azuzuwa. A nan na yi karatu, nan kuma na dawo aiki. Baba Nababa shi ne mai riƙe da mukullin sito tun kafin a kawo ni aji ɗaya. Dogo ne siriri, mukullansa a igiyar fata suke, igiyar kuma a wuyansa. An yi shugabanni bakwai a makarantar nan, ba wanda ya taɓa cewa ko guntun alli ya ɓace a hannunsa.

Ina aji biyu aka kawo mana madubin likita, wato na'urar nan da ake leƙawa a ga ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Ranar har taro aka yi, aka tafa. Daga nan aka miƙa shi ga Baba Nababa, ya sa shi a kabad mai gilashi a cikin sito, matarsa Inna Fanta, Allah Ya jiƙanta, ta ɗinka masa riga da koren yadi. Shi ke nan. Malami ya zana shi a allo, mu kwafa a littafi, mu haddace sunayen sassansa, mu ci jarrabawa. Kuma wallahi ba wanda ya ga aibin haka. Ai mun taso muna ganin kwanukan jere a ɗakunan iyayenmu, sun fi kowane kwano kyau a gidan, ba a kuma taɓa zuba tuwo a cikinsu ba.

Ni ce mai naci. Duk ranar Alhamis in an tashi, sai in tsaya a ƙofar sito in yi ta leƙe, har ya gaji ya ce in shigo. Ya buɗe kabad, ya ɗaga koriyar rigar, ya mayar da gilashin ya rufe, sannan ya matsa mini.

"Da ido, Amsa," haka yake cewa kullum. "Ba da hannu ba."

In na gama kallo ya zuba mini gyaɗa a tafin hannu. Ina son tsohon nan ƙwarai, don duk makarantar shi kaɗai ya lura ina son ganin abin. Amma sai da na kai shekara ashirin, a kwaleji a birnin Kano, sannan na fara kafa idona a madubin likita. Na juya abin da bai kamata ba, 'yan matan birni suka yi ta dariya. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

To, bana da ƙarshen damina, ranar kasuwa, wani ma'aikacin wata ƙungiya mai suna Tajuddeen ya sauka daga bas da kwalaye biyu. Ya ce ƙungiyarsu za ta ba makarantarmu kayan koyon haɗa robot tare da tsarin darussansu, amma iri ɗaya za mu zaɓa cikin biyu. Zai bar mana samfur, ranar Juma'a ta sama ya dawo karɓar fom. Fom ɗin kuma sai da sa hannun mutum uku: malamar da za ta koyar, shugabar makaranta, da wanda zai karɓi kayan. Wato ni, da Hajiya Fauziyya, da Baba Nababa.

Ya buɗe kwali na farko a ofis. Kai! Robot ne fari da shuɗi, sumul, da tayoyi huɗu da idanu masu haske. Ya shimfiɗa wata farar tabarma mai baƙin layi, ya ɗora shi, sai ga abu yana bin layin nan shi kaɗai, yana kwana inda layi ya yi kwana. Yana da littafi mai kauri, darasi talatin, kowanne da hotuna, ga gasa a Kano ƙarshen shekara. Sai dai da kwamfuta ake ba shi umarni, kuma robot biyu kacal za a ba mu.

Ya buɗe na biyu, ya zazzage wata leda a kan tebur. Hajiya Fauziyya ta ja kujerarta baya.

"Wannan fa? Shara ka kwaso mana daga shagon mai gyaran rediyo?"

Gaskiya da haka ya yi kama. Wani ɗan koren allo ne da bai fi kwalin ashana ba, Tajuddeen ya ce shi ne ƙwaƙwalwar, sai siraran wayoyi kala-kala, ƙananan kusoshi, ɗan inji mai juyawa, da wasu ƙarafa biyu da ake sokawa a ƙasa su ji danshi. Da wayar hannu ake ba shi umarni. Littafinsa siriri ne, darasi goma kacal, daga nan sai ɗalibai su nemo wata matsala ta gidansu su haɗa abin da zai magance ta. Wannan kuwa leda arba'in za a ba mu.

"Ai babu ma abin shawara," in ji Hajiya, tana shafa bayan farin. "Wannan shi ne robot. Ko baƙi muka yi mun sami abin nunawa."

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ya shiga raina. Kwana uku ina juya littattafan nan biyu. Darussan farin sun fi tsari nesa ba kusa ba, malami ma ba zai sha wahala ba. Na zauna na tsara yadda 'yan mata sittin za su riƙa karɓa-karɓa da robot biyu da kwamfuta ɗaya tilo da muke da ita, na ga da wahala amma za a iya. Na ma kusa cike fom.

Ranar Talata na je sito karɓar alli. Ina shiga na ga an kwashe tarkacen da ke kusa da madubin likita a cikin kabad, an goge wurin tas. A kan tebur kuma ga wani shuɗin yadi a ninke, guda biyu, har da zif.

"Baba, wannan fa?"

Fuskarsa ta washe. "Rigunan farin robot ɗin nan ne. Ranar da aka kawo shi na auna shi da igiya. Da Fanta na raye da ita za ta ɗinka, to sai na kai wa tela a kasuwa. Jiya ya gama. Kin ga launin ya dace da jikinsa ko?"

Na ce ya dace. Na karɓi allina na fito. Na dubi 'yan aji huɗu suna wasa a gindin darbejiya, na gan su sarai a zuciyata suna zana robot daga allo suna haddace sunayen sassansa. Kafin in isa aji na riga na yanke: ledar nan zan zaɓa, saboda muninta. Ba wanda zai ɗinka wa shara riga.

Laraba muka zauna a ofis mu uku. Na yi bayanina a natse, na ce leda arba'in na nufin mafi yawan yaran kowace da nata a hannu, ga shi ba ya buƙatar kwamfuta, in wani abu ya lalace akwai irinsa a kasuwar 'yan waya. Hajiya ta taɓe baki, amma mace ce mai adalci. Ta ce ni ce mai koyarwa, in Baba Nababa ya yarda zai karɓa, ita ma za ta sa hannu.

Baba ya girgiza kai. "Arba'in? Abubuwa ƙanana kamar tsabar dawa? Wa zai iya tsare su? Sati ɗaya rabi sun ɓace, a ce Nababa ya tsufa ya fara sakaci."

"Ai ba tsare su za a yi ba, Baba. A kan tebur za su zauna, a hannun yara."

"In suka lalata fa?"

"Su lalata mana."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Su lalata? Haba Amsa. Ke fa shaida ce. Madubin likita shekara ashirin da biyu ke nan a hannuna, ko ƙwarzane babu a jikinsa."

Nan fa bakin nan nawa ya ƙwace.

"Shekara ashirin da biyu, Baba, yara nawa suka leƙa cikinsa? Ko ɗaya! Ni da nake zuwa maka duk Alhamis ban leƙa ba, sai da na je birni aka yi mini dariya. Ba ajiye shi ka yi ba, binne shi ka yi. Yanzu kuma ka haƙa wa robot nasa ramin, har da likkafani mai zif!"

Hajiya ta ce, "Amsa!" Shi kuwa ya sa hannu ya dafe mukullan da ke ƙirjinsa, ya gyara hularsa, ya miƙe a hankali.

"To, Malama," ya ce, ya fita.

Tunda nake da shi bai taɓa ce mini Malama ba sai in a gaban ɗalibai. Wannan kalma ta fi mari zafi. Kuma sai da ya fita na tuna wadda ta ɗinka rigar farko, da inda take kwance yanzu, ni kuma na buɗe baki na ambaci likkafani. Ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce mini. Ga fom saura kwana biyu, ga mutumin da na fi jin kunya a duniya na ci masa fuska a gaban shugaba.

Alhamis da aka tashi, na jira makaranta ta watse, na nufi sito. Yana zaune a benci a bakin ƙofa. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. Bakina ne, ka san shi."

"Na san shi tun yana cin gyaɗata," ya ce, bai yi dariya ba. "Tashi ki shigo."

Ya buɗe kabad, ya zare koriyar rigar, ya ninke ta da kyau ya ajiye. Na jira ya mayar da gilashin kamar yadda ya saba. Sai ya ja da baya.

"Ɗauko shi."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Na ɗauko shi na kai bakin taga. Nauyinsa ya ba ni mamaki, shekara da shekaru ina kallonsa ban san yana da nauyi haka ba. Sai Baba ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar albasa.

"Na sha jin malamai ta taga suna cewa da fatar albasa ake gwadawa. Wai ana ganin ɗakuna-ɗakuna a jere. Ni ma ina so in ga ɗakunan nan kafin in mutu."

Na ɓare albasar, na zaro fatar nan mai shara-shara, na shimfiɗa a kan ɗan gilashi. Abin juyawa ya cije, sai da na sa ƙarfi ya motsa. Na karkata madubin ƙasa ya kamo hasken taga, na kafa ido.

Babu komai sai toka-toka, da wasu zare-zare kamar saƙar gizo. Na juya sama, na juya ƙasa, na goge da gefen mayafina. A banza. Damina ashirin da biyu ya yi a rufe cikin riga, iska ba ta shiga, fumfuna ta cinye gilashin ta ciki.

"Matsa in gani," in ji Baba.

Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ya daɗe a haka. Ya canza ido. Sannan ya ɗago.

"Ban ga komai ba. Idona ne ko?"

Allah Ya sani na so in ce eh. Tsoho ne, zai yarda, ya tafi gida da zuciyarsa lafiya. Amma na riga na yi masa rashin kunya jiya, ba zan ƙara masa da ƙarya yau ba.

"Ba idonka ba ne, Baba. Ya lalace ta ciki."

Ya zauna a kan wani buhu. Ya yi ta kallon na'urar, yana murza albasar a hannunsa.

"Duk Asabar sai na goge shi," ya ce. "Wanda ya kawo shi cewa ya yi, Nababa, a kula da shi. Amana ce. Ba wanda ya taɓa ce mini a ba yara." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Da na ba ki shi tun ran nan kin fasa, da aƙalla mutum ɗaya ya ga ɗakunan."

Kuka kawai na yi, irin na yara, har da majina. Shi ne ma ya koma ba ni haƙuri. Da na lafa ya ce in kawo takardar. Ya ɗora ta a gwiwarsa ya rubuta sunansa da ajami a ƙarƙashin leda arba'in, a hankali, kamar mai rubuta allo.

Bayan sati uku kaya suka iso. Kada ku ɗauka tsoho ya canza dare ɗaya. Ina! Duk darasi yana tsaye a bakin ƙofar aji, hannuwa a baya, in yarinya ta ja waya da ƙarfi sai ka ga ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. Yaran kuwa tsoronsa suke ji. Sai su riƙa taɓa kayan da kan yatsa, suna satar kallon ƙofa. Na yi faɗa har na gaji: ku riƙe shi mana, ba kunama ba ce! Amma in dai yana tsaye a wurin, a banza nake. Na fara tunanin ko duk rigimar da na yi ba ta haifi komai ba, kabad ɗin kawai ya taso daga sito ya shiga cikin kawunansu.

Akwai wata yarinya Humaira, shiru-shiru, mai zama a layin baya. Mahaifinta yana noman rani a Watari, albasa yake yi. Ta ce ita abin da take so ta haɗa shi ne wanda zai yi ƙara in kwamin albasa ya bushe, don babanta ya daina zagaye gona cikin rana yana soka yatsa a ƙasa. Ta zo da ƙasa a gwangwanin madara. Ta soka ƙarafan jin danshi, ta jona wayoyi. Sai ta juya wayoyin batir, ja a wurin baƙi.

Ɗan ƙaramin hayaƙi ya tashi, warin ƙonewar roba ya cika ajin.

Ba wadda ta yi motsi. Humaira ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi, hawaye suka fara zuba ba sauti. Kuma ba ni suka kalla ba, ni malamarsu. Duk ajin ƙofa suka juya.

Baba Nababa ya tako ya shigo, mukullai na ƙara a ƙirjinsa. Na buɗe baki zan tare shi, sai na tuna Laraba, na haɗiye. Ya tsaya a kan Humaira. Ya ɗauki ɗan koren allon da ya ƙone, ya juya shi, ya kai hanci ya sunsuna, ya sa a aljihu. Sannan ya wuce wurin kwali, ya zaro sabuwar leda, ya yage ta da haƙori.

"Miƙo hannunki, 'yar nan."

Ta fito da hannu a tsorace. Ya ɗora mata sabon allon a tafi, ya naɗe yatsunta a kai da nasa yatsun.

"Riƙe da kyau. Da hannu ake yi. In kin ƙona wannan ma akwai wani."

Ya fita, muka ɗauka ya tafi ke nan. Sai ga shi ya dawo da shuɗayen rigunan nan biyu da reza. A gabanmu ya farke ɗinkin, ya cire zif, ya shimfiɗa yadin a kan manyan tebura biyu na ajin ya lallaɓe shi da tafin hannu.

"Tun ɗazu ina kallon kusoshin nan suna gangarawa ƙasa, raina na ɓaci," ya ce. "Ku riƙa zubawa a kan wannan. Kuma kada wadda ta ce mini ya yi datti."

Wata ta fara dariya, sai duk ajin ya ɗauka, har Humaira da hawayenta. Kafin a kaɗa ƙararrawa abin nata ya yi ƙara, wata siririyar ƙara mai ban haushi, ta zuba ruwa a gwangwani ya yi shiru. Sau biyar Baba ya sa ta zare ƙarafan ta mayar, yana sunkuye a kanta yana tambaya ta ina abin yake sanin ƙasa ta sha.

Washegari na je sito karɓar alli. Kabad a buɗe yake. A wurin nan da ya share wa farin robot, kusa da madubin likita, ga ɗan allon Humaira da baƙin tabon ƙuna a gefensa, shi kaɗai, ba riga.

"Baba, wannan ai ya mutu. Me za ka yi da shi?"

"Na sani," ya ce. "Amma shi yarinya ta taɓa shi."

Ya miƙo mini alli. Na juya zan fita ya ce in tsaya, ya laluba aljihu, ya zuba mini gyaɗa a tafin hannu.